Mayot da Komoros: kwatancin yanayin rayuwa a tsibiran da ke maƙwabtaka

Mayot da Tarayyar Komoros yankuna biyu ne da ke cikin rukunin tsibirai guda a Tekun Indiya, a mashigin ruwan da ya raba Mozambik da Madagaska. Rukunin yana da manyan tsibirai huɗu: Ngazija, Anjuwan, Mwali da Mayot. Ukun farko su ne ƙasar Komoros mai 'yancin kai, wadda hedikwatarta ke Moroni. Na huɗun lardi ne na Faransa, kuma ɓangare ne na Tarayyar Turai. Tsakanin Anjuwan da Mayot kilomita 70 ne kacal, amma abin da tattalin arziki ke samarwa a kan kowane mutum a Mayot ya ninka na Komoros kusan sau takwas. Wannan ya sa masu nazarin tattalin arziki da ƙaura ke yawan kafa misali da su idan ana maganar maƙwabtan da ke kallon juna amma rayuwarsu ta bambanta, kamar yadda ake yi da Haiti da Jamhuriyar Dominika, ko Samowa da Samowar Amurka.

Abin da ya ƙara wa wannan misali nauyi shi ne mutanen kusan ɗaya ne. Galibinsu Musulmi ne mabiya mazhabar Shafi'iyya. Harsunansu, wato Shingazija, Shinzuwani, Shimwali da Shimawore, 'yan uwan juna ne kuma dangin Suwahili, sai dai a wasu ƙauyukan Mayot ana yin Kibushi, wanda asalinsa daga Madagaska yake. Auratayya da kasuwanci sun haɗa tsibiran shekaru aru-aru kafin zuwan Turawa. Tazarar da ake gani yau aba ce da siyasa ta haifar.

Yadda aka rabu

Mayot ce ta fara shiga hannun Faransa. A 1841 Sarki Andriantsoly ya miƙa ta, Faransawa suka karɓi iko sosai a 1843. Sauran tsibiran sai a 1886 suka shiga ƙarƙashin kariyar Faransa, daga baya aka haɗe duka huɗun da mulkin mallakar Madagaska, kafin a ware su a matsayin yanki mai zaman kansa a 1946. Duk tsawon wannan lokaci hedikwata tana Dzaudzi, a Mayot.

A 1958 majalisar yankin ta yanke shawarar mayar da hedikwata Moroni, aka kammala ƙaurar cikin shekarun 1960. Ma'aikata suka tafi, albashi ya bi su, mutanen Mayot suka ga cewa a ƙasa mai zuwa su ne 'yan tsiraru, manyan iyalan Ngazija da Anjuwan kuma su ne za su riƙe akala. Mata ne suka ja gaba wajen turjiya, domin a al'adar tsibirin gida na mace ne. Ƙarƙashin jagorancin Zéna M'Déré suka ɓullo da wata dabara: idan jami'in gwamnati ya sauka daga Moroni sai su kewaye shi su yi ta yi masa cakulkuli har ya rasa yadda zai yi ya juya, tunda babu dokar da ta tanadi hukuncin cakulkuli. Har yau ana girmama waɗannan mata a Mayot.

An yi ƙuri'ar raba gardama ranar 22 ga Disamba 1974. A jimillar tsibiran kusan kashi 95 cikin ɗari suka zaɓi 'yanci, amma a Mayot kimanin kashi 63 suka ƙi. Faransa ta ce za a ƙidaya tsibiri-tsibiri. Ahmed Abdallah, shugaban gwamnatin yankin, ya ayyana 'yancin kai ranar 6 ga Yuli 1975, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta karɓi Komoros a watan Nuwamba na shekarar a matsayin ƙasa mai tsibirai huɗu. A Fabrairun 1976 Faransa ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, ta sake shirya ƙuri'a a Mayot kaɗai, sama da kashi 99 suka ce suna nan tare da ita. Komoros ba ta taɓa amincewa da wannan ba, Tarayyar Afirka ma tana goyon bayanta, kuma taurari huɗu ne a tutarta.

Hanya biyu

Komoros ta fara 'yancinta da ƙafar hagu. Ko wata guda ba a yi ba aka hamɓarar da Ahmed Abdallah. An kashe Ali Soilih, wanda ya jagoranci juyin mulkin, a 1978, an kashe Abdallah, wanda ya dawo mulki, a 1989, kuma a duk waɗannan rikice-rikice akwai hannun Bob Denard, wani sojan haya Bafaranshe da ya daɗe yana juya rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa. Ana lissafa juyin mulki da yunƙurinsa sama da 20 tun 1975. A 1997 Anjuwan da Mwali suka ɓalle, Anjuwan har ta roƙi Faransa ta mayar da ita ƙarƙashinta, Faransa ta ce a'a. Yarjejeniyar Fomboni ta 2001 ce ta kawo tsarin karɓa-karɓa a shugabancin ƙasa, amma sai da sojojin Tarayyar Afirka, galibi daga Tanzaniya da Sudan, suka sauka Anjuwan a 2008 kafin a kori Kanar Mohamed Bacar, wanda ya ƙi sakin mulkin tsibirin. Da ya tashi gudu, Mayot ya nufa.

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah: duk wata tarzoma a Moroni ko Mutsamudu, babban garin Anjuwan, sai ta ƙara wa mutanen Mayot riƙo da Faransa. A 2009 kashi 95 cikin ɗari suka zaɓi zama cikakken lardi, ranar 31 ga Maris 2011 tsibirin ya zama lardi na 101 na Faransa, a farkon 2014 kuma ya shiga sahun yankunan nesa na Tarayyar Turai. Wannan matsayi ya zo da farashinsa. An karɓe ikon shari'a daga hannun alƙalan Musulunci, aka bar musu sulhu da shawara, an hana ɗaura sabon aure da mace fiye da ɗaya a idon doka, an kuma shigo da harajin filaye da gidaje irin na Faransa a wurin da da yawa ba su da takardar mallaka.

Abin da alƙaluma ke nunawa

Faɗin Mayot murabba'in kilomita 374 ne. Ƙidayar 2017 ta sami mutum 256,500, hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, kuma ta ƙiyasta kimanin 320,000 a 2024, ko da yake 'yan siyasar tsibirin na cewa adadin ya fi haka nesa. Komoros na da murabba'in kilomita kusan 1,860 da mutane sama da 800,000.

Idan aka raba abin da tattalin arziki ke samarwa a shekara a kan kowane mutum, Mayot na samun kimanin Yuro 11,000, Komoros kuwa kimanin Dala 1,500. Wannan ita ce tazarar da ɗan Anjuwan ke hange. Amma idan aka juya aka dubi Faris, Yuro 11,000 bai kai kashi ɗaya cikin uku na matsakaicin Faransa ba. Mayot ita ce lardi mafi talauci a ƙasar, kuma ba da ɗan rata ba. Binciken INSEE na 2018 ya nuna kashi 77 cikin ɗari na mazauna suna ƙasa da mizanin talauci na Faransa, rabin jama'a kuma na rayuwa da ƙasa da Yuro 260 a wata, wato kimanin saifa dubu 170. A Komoros, bisa mizanin ƙasar na kanta, kusan kashi 45 ne matalauta.

Wanda ya ajiye kashi 77 kusa da kashi 45 ya ce Mayot ta fi talauci ya yi kuskure babba, domin ma'aunan ba ɗaya ba ne. Mizanin Faransa ana yanka shi ne daga matsakaicin kuɗin shigar Bafaranshe, ya kuma haura Yuro dubu a wata. Mizanin Komoros kuwa daga kuɗin abinci da buƙatun dole ake lissafa shi. Yuro 260 ɗin nan da ake nunawa a matsayin abin kunya a majalisar Faris ya ninka fiye da sau biyu abin da tattalin arzikin Komoros ke samarwa a kan kowane mutum a wata. Sai dai shi ma wannan lissafi yana buƙatar gyara ta ɗaya gefen, saboda tsada. Kayan abinci a Mayot sun fi na cikin Faransa tsada da kusan kashi 30, tunda kusan komai a jirgin ruwa yake zuwa, 'yan kamfanoni ƙalilan kuma ke riƙe da shigo da kaya. A ƙarshen 2011 an yi zanga-zangar tsadar rayuwa ta sama da kwana 40, wadda aka laƙaba wa sunan fukafukan kaji, domin daskararrun fukafukai da ake sayarwa a kwali su ne naman talaka a tsibirin. Manomin Anjuwan da ke cin rogo da ayaba da kwakwar gonarsa yana da wani abin da alƙaluman kuɗi ba sa kamawa sosai.

Wajen lafiya tazarar ta fi fitowa fili, kuma ba ta da gardama. Mace-macen jarirai a Mayot kimanin 9 ne cikin dubu. Wannan ya ninka na cikin Faransa fiye da sau biyu, amma na Komoros ya haura 30. Tsawon rai a Mayot ya kai wajen shekara 75, a Komoros yana tsakiyar sittin da wani abu. Asibitin Mamudzu, babban garin Mayot, shi ne ke karɓar haihuwa mafi yawa a duk Faransa. Sama da jarirai 10,000 aka haifa a tsibirin a 2022, kuma kusan uku cikin huɗu na iyayensu mata ba 'yan ƙasa ba ne, galibi 'yan Komoros. Likitoci sun yi ƙaranci ƙwarai, manyan cututtuka sai an ɗauki mutum a jirgin sama zuwa tsibirin Reyuniyon na Faransa, amma ga matar da ta san asibitin da za a ce ta sayo safar hannu da allura da magani kafin a taɓa ta, wannan ma ci gaba ne.

Makaranta ma haka take. A Mayot ilimi wajibi ne kuma gwamnati ke biyan malamai a kan kari, amma ajujuwa ba su isa ba, don haka makarantun firamare da yawa ke yin karatun safe da na yamma, rukuni biyu a aji ɗaya, dubban yara kuma ba su da gurbi sam. Rabin jama'ar tsibirin ba su kai shekara 18 ba. A Komoros yajin aikin malamai kan bashin albashi tsohon labari ne, masu hali kuma makarantun kuɗi suke kai 'ya'yansu.

Daga ina kuɗin ke zuwa

Arzikin Mayot ba daga ƙasarta yake fitowa ba. Abin da take fitarwa waje bai taka kara ya karya ba, noman furen ilan-ilan da ake tatsar man turare daga gare shi kuma ya durƙushe tun da ladan aiki ya tashi. Kasafin gwamnatin Faransa ne ke riƙe da tsibirin: albashin malamai, 'yan sanda, ma'aikatan asibiti da na ƙananan hukumomi, sai ayyukan gine-gine. Ma'aikacin gwamnati na samun ƙarin kashi 40 a kan albashinsa saboda tsadar wurin. Wannan ya haifar da tsibiri mai hawa biyu, 'yan albashi a sama, sauran jama'a a ƙasa. A 2023 rashin aikin yi ya haura kashi 30. Mafi ƙarancin albashi yana ƙasa da na cikin Faransa, tallafin da ake bai wa marasa abin hannu rabin na sauran larduna ne, baƙo kuma da wuya ya cika sharaɗin samunsa.

Komoros ma da kuɗin waje take numfashi, sai dai ta wata ƙofa. Tana fitar da kanumfari, banila da man ilan-ilan, wanda ita ce kan gaba a duniya wajen samar da shi, tana kuma shigo da shinkafar da ita ce abincin yau da kullum. Abin da 'yan ƙasar mazauna waje ke aikowa ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin ƙasa, yawanci daga Faransa, musamman birnin Marsey. Kuɗin ya fi zuwa Ngazija, inda wani kaso mai tsoka ke shiga ginin gidaje da babban bikin aure da ake kira anda, wanda sai namiji ya yi shi yake samun ta cewa a dandalin garinsu. Anjuwan, mai cunkoson jama'a da zaizayar ƙasa da rafukan da suka ƙafe saboda sare dazuka, ba ta da 'yan waje masu yawa haka. Mayot ce ƙasar wajenta. Shi ya sa kwatancin da ya fi ma'ana shi ne na Mayot da Anjuwan, ba na Mayot da Komoros a dunƙule ba.

Masu karatu a Nijar, Kamaru da Cadi za su gane tsarin kuɗin ƙasar. Faran na Komoros a ɗaure yake da Yuro, kimanin 492 a kan Yuro ɗaya, bisa lamunin baitulmalin Faransa, kamar yadda saifa ke ɗaure a kan 655.957. Ke nan duka ɓangarorin biyu na rataye da Faris, ɗaya da igiya mai kauri, ɗaya da siririya.

Kwasa-kwasa

Kafin 1995 mutane na kai da komo tsakanin tsibiran ba tare da wata takarda mai wuya ba. A watan Janairun shekarar gwamnatin Faransa ta Édouard Balladur ta sanya biza ga 'yan Komoros masu shiga Mayot. Tafiyar ba ta tsaya ba, ta koma cikin dare. Jirgin da ake amfani da shi sunansa kwasa-kwasa, kwalekwalen kamun kifi ne mai inji, marar rufi, wanda aka ƙera domin mutum kaɗan amma ake loda masa ninki uku ko huɗu, wani lokaci har da awaki da marasa lafiya. Yawanci daga gaɓar Domoni da kewayenta, a Anjuwan, ake tashi. Haɗarin ya fi yawa a kusa da isowa, inda murjani ya kewaye Mayot kamar ganuwa, matuƙi kuma ya kashe fitila don kauce wa na'urar hangen jiragen sintiri. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta mutum 7,000 zuwa 10,000 sun halaka a wannan hanya tun 1995.

A ƙidayar 2017, kashi 48 cikin ɗari na mazauna Mayot baƙi ne a idon doka, kusan dukkansu 'yan Komoros. A shekaru da dama hukuma na mayar da mutum 20,000 zuwa sama da 25,000 a shekara, da yawansu kuma su sake dawowa, su bar yara a baya babu mai kula. Wanda ya sami takardar zama ma, takardar Mayot kaɗai ake ba shi, ba zai wuce da ita Reyuniyon ko Faris ba. Tun 2018 aka tsaurara sharaɗin samun zama ɗan ƙasa ga yaron da aka haifa a tsibirin, aka ƙara tsaurarawa a 2025. A Afrilun 2023 ministan cikin gida na Faransa Gérald Darmanin ya ƙaddamar da samamen Wuambushu na rushe unguwannin kwano da korar baƙi, Komoros ta mayar da martani da rufe tashar Mutsamudu na ɗan lokaci, da hujjar cewa ɗan Komoros da ke Mayot a gida yake. Wannan kuwa duk da yarjejeniyar 2019, inda Faransa ta yi alƙawarin Yuro miliyan 150 na raya ƙasa a madadin hana jirage tashi.

Nan ne kwatancin ke rikicewa. Gidaje huɗu cikin goma a Mayot na kwano ne, uku cikin goma ba su da ruwan famfo a ciki. A Kaweni, kan tudun da ke kallon Mamudzu, akwai unguwar da ake cewa ita ce mafi girman unguwar kwano a duk Faransa: ɗakunan langa-langa da ake kira banga, a jere kan jan ƙasa mai santsi, da yara masu jarkoki a layin famfon da sai an sa kati yake ba da ruwa. Yawancin mazaunanta daga Anjuwan suke ko 'ya'yansu. Talaucin da ake ƙirgawa a matsayin na Mayot, wani babban kaso nasa talaucin Komoros ne da ya ƙetaro teku. Haka kuma alƙaluman Anjuwan sun ɗan yi sauƙi saboda dubban mabuƙatanta na wancan gefen.

Bala'o'in baya-bayan nan

Shekaru biyu a jere sun nuna iyakar fifikon Mayot. A farin 2023 ruwan famfo ya koma kwana ɗaya cikin uku, sai da aka riƙa jigilar ruwan gora a jiragen ruwa. A 2024 kwalara ta ɓarke a Komoros, ta fi yin ɓarna a Anjuwan, ta kuma tsallaka Mayot, inda aka shawo kanta da asarar rai kaɗan. Ranar 14 ga Disamba 2024 guguwar Chido ta daki tsibirin, ta share unguwannin kwano cikin sa'o'i. Hukuma ta tabbatar da mutuwar kimanin mutum 40, adadin da mazauna da yawa ke ganin ya yi kaɗan, domin an binne gawawwaki da sauri bisa sunna, marasa takarda kuma sun ƙi zuwa mafaka don tsoron kamu. Agaji ya makara, jama'a suka yi wa Shugaba Macron na Faransa ihu da ya zo. Duk da haka sojoji, asibitin tafi-da-gidanka da kuɗin sake gini sun iso da yawan da Komoros ba ta ga kwatankwacinsa ba bayan guguwar Kenneth ta 2019.

Hukuncin masu nazari

Wasu na ɗaukar waɗannan tsibirai a matsayin hujjar cewa zama ƙarƙashin Turawa ya fi 'yanci riba. Hujjar tana da rauni. Abin da aka gwada shi ne ƙaramin tsibiri da ƙasa mai mutum miliyan 68 ke ɗaukar nauyinsa, da kuma ƙasar da sojojin haya suka yi wasa da ita shekara ashirin. Kuma ko Anjuwan da ta nemi irin wannan matsayi a 1997 ba a ba ta ba. Masu cewa Mayot ba ta ci ribar komai ba su ma alƙaluman asibiti da alƙiblar jiragen kwasa-kwasa sun ƙaryata su. Fifikon na gaske ne, ya kuma fi ƙarfi a abu uku: asibiti, albashin gwamnati da fasfo. Ɗan Mayot mai takardar Faransa yana iya tashi ya koma Reyuniyon ko Marsey ranar da ya ga dama, kuma matasa da yawa hakan suke yi. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun ƙarshe, rayuwarsa a Kaweni ta fi kusa da ta Domoni fiye da ta Faris. Dokar sake gina Mayot da majalisar Faransa ta zartar a 2025 ta sa 2031 a matsayin shekarar da mafi ƙarancin albashi da tallafin jama'a za su daidaita da na sauran ƙasar.